Yadda Ake Shirya Zaman Sauraron Jazz na Ogan a Jidda, Har a Yi Gardama Mai Amfani

Masu son kiɗan jazz a cikin Hausawan Jidda ba su da yawa, amma in uku suka haɗu a majalisa ɗaya, gardama ba ta yankewa. Wannan ya ce bayan Jimmy Smith ba a sake yin makaɗin ogan ba, wancan ya ce Larry Young ya bar shi nesa ba kusa ba, na uku ya jawo maganar bikin jazz na Riyad da waɗanda aka gayyato. Abin da ke damuna shi ne yawancin wannan gardama ana yin ta ba a kunna ko faifai ɗaya ba. Kowa na faɗin abin da ya karanta ko ya ji wani ya faɗa. Ni kuwa a wurina gardamar kiɗa ba ta da daraja sai in kunne ne ya kawo hujja. Ga yadda ake shirya zaman da zai kai ga haka.

Fara da mutane da lokaci

Kada ku wuce mutum shida ko bakwai. In aka fi haka, majalisa kan rabu biyu, wasu na saurare wasu na hira a gefe. Ka nemi masu haƙurin zama minti ashirin ba su taɓa waya ba, ko da ba su san sunan makaɗi ko ɗaya ba. Wanda bai san komai ba amma yana da kunne ya fi wanda ya haddace sunaye amfani a irin wannan zama. A samu dattijo ɗaya a ciki in da hali, don akwai lokacin da murya za ta ɗaga, kuma shi kaɗai zai ce a bari a bari.

Wanda ba ya jin kiɗa saboda fahimtarsa ta addini, kada ka ja shi, kada kuma ka mai da majalisarsa wurin kunna faifai. Ku nemi wurinku daban.

Daren Alhamis wayewar Juma'a bayan Isha'i shi ya fi dacewa, tunda ba aiki washegari kuma babu sallar da za ta katse zaman. Tun da aka yi rusau a unguwannin kudancin Jidda mutane suka warwatsu, wanda a da za ka taka da ƙafa ka same shi yanzu sai da mota, saboda haka a sa rana tun da wuri, sau biyu a wata ya isa. A dakata da azumi da lokacin aikin hajji. In gidan kowa ya yi ƙanƙanta, a yi karo-karo a kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya.

A ci abinci tukuna. Tsire ne ko ful da tamis, a gama a kwashe kwanuka. Shayi da gahawa da dabino su ne za su zauna a tsakiya.

Ɗaki da lasifika

Majalisa irin tamu mai kafet da matasai ta fi ɗakin da ke da tayil tsirara kyau, don amo ba ya dawowa ya cakuɗe. Babban abokin gaba shi ne mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, musamman irin na taga. Gurnaninsa yana zaune daidai inda amon ƙasa na ogan yake, sai ya haɗiye shi. Ka kunna shi da ƙarfi awa ɗaya kafin baƙi su zo, in za a fara saurare ka rage shi zuwa ƙasa ko ka kashe, a sake kunnawa lokacin magana.

Lasifikar waya ba ta yin wannan aiki sam. Ba ta iya fitar da amon ƙasa, kuma amon ƙasa shi ne rabin abin da za ku saurara. Ba sai ka sayi kaya masu tsada ba. Lasifika biyu masu faɗin inci biyar ko fiye sun wadatar. Ka ɗora su kan wani abu daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, ka janye su daga bango kamar kamu biyu, kada ka cusa su a kusurwa don can amon ƙasa ke kumbura ya zama ruri. Ka sauke faya-fayan a waya tun da rana, daga Spotify ko Apple Music ko inda kake samu, ka kashe sanarwar saƙonni. In gidan bene ne na haya, ka tuna amon ƙasa yana ratsa bango fiye da kowane amo. Bayan sha ɗaya a rage.

Ku san kayan kafin ku yanke wa makaɗi hukunci

Wannan matakin kada a tsallake shi. Ogan ɗin da ake magana a jazz ba irin wanda ake kawowa gidan biki ba ne, mai maɓallin da za a danna ganga ta tashi da kanta. Hammond ne, wanda Laurens Hammond ya ƙera a Amurka aka fara sayarwa a 1935, don coci-cocin da ba su da kuɗin babban ogan mai bututu. Samfurin da ya yi suna shi ne B-3, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1950 aka ci gaba da ƙera shi kimanin shekara 20. Akwatin katako ne da nauyinsa ya doshi kilo 200. A cikinsa akwai ƙananan faya-fayan ƙarfe masu haƙora da ke juyawa gaban maganaɗisu, su ke haifar da sautin.

Ka nemo hotonsa ka nuna wa jama'a a waya, ka nuna musu abu huɗu. Akwai jerin maɓallai hawa biyu, kowanne 61, na sama don hannun dama, na ƙasa don hagu. Akwai matakan ƙafa 25 a ƙasa. Akwai 'yan sanduna tara-tara da ake ja a tura, kowacce daga 0 zuwa 8, da su makaɗi ke haɗa kalar sautinsa. Jimmy Smith ya shahara da jawo uku na farko gaba ɗaya ya bar sauran shida a ciki, abin da masu ogan ke rubutawa 888000000, sannan ya kunna wani maɓalli da ke sa ɗan "ƙwas" a bakin kowane sauti. Wannan ƙwas ɗin yana fita ne kawai in makaɗi ya ɗaga yatsunsa duka kafin ya danna na gaba, don haka in ka ji shi a jere cikin gudu, ka san yatsun mutumin na tashi tsaf tsakanin sauti da sauti.

Na huɗu shi ne akwatin Leslie, wanda Donald Leslie ya ƙirƙiro. Lasifika ce da ke juyi a cikin akwatin katako, ƙaho a sama, ganga a ƙasa. Tana da tafiya biyu, a hankali da sauri. In makaɗi ya mayar da ita sauri, ƙahon sama kan riga gangar ƙasa ɗaukar gudu, sai ka ji sautin yana buɗewa yana rawa na 'yan daƙiƙu kafin ya daidaita. Inda makaɗi ya zaɓi ya yi wannan sauyi yana gaya maka halinsa. Wani yakan ajiye shi sai ƙarshen ƙarshe, wani kuma kowane minti sai ya taɓa.

Abin da ya sa wannan kiɗa ya bazu a unguwannin baƙaƙen fata na Filadelfiya da Newak da Shikago ba ɓoyayye ba ne. Mutum uku, mai ogan da mai jita da mai ganguna, suna cika ɗaki kamar ƙungiyar mutum goma sha biyar, mai gidan rawa kuma uku kawai zai biya. Su ukun kamar duwatsun murhu suke, in ɗaya ya goce tukunya ta karkace. Kuma tunda babu mai babbar jitar bes a cikinsu, wannan nauyi ya koma kan mai ogan.

Sauraron farko: a bi hannun hagu kaɗai

A nan zaman yake samun gindi. Ka kunna "Back at the Chicken Shack", waƙar da ta ba faifan Jimmy Smith sunansa. An ɗauke shi ranar 25 ga Afrilu 1960 a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder a Niyu Jazi, da Stanley Turrentine a saksofon, Kenny Burrell a jita, Donald Bailey a ganguna. Ka ce wa jama'a su manta da saksofon, su manta da duk abin da ke sama, su bi wannan amon ƙasa da ke tafiya dum, dum, dum, dum. Babu mai bes a ɗakin. Smith ne ke yi da hannun hagu a jerin ƙasa, yana ɗan taɓa matakin ƙafa a kowane bugu don ya ba sautin baki, alhali hannun dama na can yana wani zance daban.

Karon farko yawanci mutane kan ɓace bayan minti ɗaya, kunne ya koma kan saksofon don shi ya fi ɗaukar hankali. Ba laifi. A mayar a sake. A karo na biyu ka sa kowa ya riƙa buga yatsa a gwiwa tare da amon ƙasan. Abin da kuke nema shi ne wannan: lokacin da hannun dama ya ɗauki zafi yana zuba gudu, shin hagun ya girgiza? Ya yi sauri, ya yi jinkiri, ko ya tsaya yana maimaita sauti ɗaya don mai shi ya shagala? Makaɗin ogan na gaske a nan ake gane shi. Gudun yatsun dama kowa na iya koyo in ya daɗe yana yi. Riƙe hagu daram yayin da dama ke yawo, wannan ne aikin da Smith ya kulle kansa a wani sito a Filadelfiya ya yi watanni yana fama da shi, bayan ya ji makaɗin ogan Wild Bill Davis, shi ma ya bar piyano ya koma ogan.

Daga nan sai ƙidaya. Waƙar blues ce mai gaɓa 12, kowace gaɓa bugu huɗu. A ƙidaya tare da murya ƙasa-ƙasa: ɗaya biyu uku huɗu, biyu biyu uku huɗu, har zuwa sha biyu, sannan zagaye ya koma farko. A gaɓa ta biyar za ku ji ƙasan ya ɗaga, a ta bakwai ya dawo gida, a ta tara ya sake fita kafin ya sauko. In kun iya riƙe wannan, kun samu ma'auni. Yanzu za ku iya cewa wane ya yi zagaye huɗu, a na farko ya yi magana kaɗan, a na uku ya fara maimaita jimla ɗaya yana matsa mata, a na huɗu ya saki. Kunnen Bahaushe bai baƙunci wannan ba. Sautuka biyar da blues ke yawan zagayawa a kai suna kusa da abin da muka taso muna ji, haka ma kira da amshi tsakanin ogan da saksofon.

Kada ku wuce wannan waƙa ɗaya da wata guda a zaman farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda ake haɗa faya-fayai biyu

Daga zama na biyu, kowane dare faifai biyu ne, kuma a zaɓe su don su yi karo da juna a kan abu ɗaya. In ka haɗa abubuwan da suka bambanta ta kowace fuska, gardamar za ta koma "ni dai wannan ya fi min daɗi", daga nan kuma babu inda za a je.

Haɗin farko da nake ba da shawara shi ne Smith da kansa. Ranar da aka ɗauki Back at the Chicken Shack, a ranar aka ɗauki Midnight Special, mutane ɗaya, ɗaki ɗaya. Kamfanin Blue Note ya fitar da Midnight Special a 1961, ɗayan kuma sai 1963. Tunda komai ɗaya ne, dole mai gardama ya nuna takamaiman abin da ya sa ya fifita ɗaya. Horo ne mai kyau ga baki da kunne.

Na biyu shi ne Smith na Blue Note da Smith na Verve. A 1962 ya koma kamfanin Verve, aka fara haɗa shi da manyan ƙungiyoyin masu busa, Oliver Nelson ya tsara masa Bashin', Lalo Schifrin ya tsara The Cat a 1964. Ya samu kasuwa sosai. Masoyan Blue Note na cewa an sa masa babbar riga ta rufe shi. Ku saurari The Cat ku lura akwai mai bes a ciki, wato an ɗauke wa hagun Smith aikinsa. Tambayar daren ita ce: da aka sauke masa wannan kaya, damansa ya ƙara faɗin wani abu, ko kuwa ya rasa abin jingina? Ni ina tare da Blue Note a nan. Amma na ji wanda ya kare The Cat da hujjar yadda ogan ke ratsa tsakiyar ƙahonni ya fito sama, kuma ya nuna wurin, ban iya ce masa a'a ba.

Na uku shi ne babban: Smith da Larry Young. Faifan Young shi ne Unity, an ɗauka a Nuwamba 1965, da Woody Shaw a turampet, Joe Henderson a saksofon, Elvin Jones a ganguna. Babu jita. Kada ka fara da waƙar farko. Ka fara da "Monk's Dream", inda masu busa suka koma gefe aka bar Young da Jones su biyu rak. Babu inda mutum zai ɓuya a nan. Za ku ji sautinsa ya fi na Smith laushi da duhu, ba ya dogara da jimlolin coci da blues, yana bin hanyar da mai saksofon John Coltrane ya buɗe, kuma Jones, wanda shi ne mai gangunan Coltrane a lokacin, yana watsa bugu ta ko'ina amma hagun Young bai kauce ba. Sannan a koma "Zoltan" da ke buɗe faifan da gangar fareti. Young ya ɗauki sunan Khalid Yasin, ya rasu a 1978 yana da shekara 37. Wanda ya ce ya fi Smith, a tambaye shi a me. Wanda ya ce kiɗansa ba shi da ɗumi, a sa shi ya nuna wurin da ya ji sanyin. Ra'ayina shi ne ba tsere ɗaya suke yi ba: Smith ya gina gidan, Young ya fasa ƙofa ta baya ya fita da ogan zuwa inda ba a taɓa kai shi ba, kuma Unity ne faifan da na fi komawa gare shi.

Akwai haɗin da nake roƙo kada a bari, na Shirley Scott mai ogan. Wasu kan rage mata daraja wai don tana yawan ɗaukar faifai da mai bes. Ku kunna "In the Kitchen" daga faifan Cookbook na mai saksofon Eddie "Lockjaw" Davis na 1958, inda George Duvivier ke riƙe da bes. Ku saurari abin da take yi a bayan mai saksofon, yadda take ajiye masa shimfiɗa ta janye, ta sake turo shi. Wanda ya saurari wannan da gaskiya ba zai sake cewa rashin iyawa ne ba. Zaɓi ne.

Sauran ku bi su a hankali: Jack McDuff da faifansa Live! na 1963, lokacin George Benson na saurayi a jita; Jimmy McGriff, wanda blues ya fi rinjaye a hannunsa; Richard "Groove" Holmes, wanda masu son amon ƙasa ba sa gajiya da shi; Big John Patton da Let 'Em Roll; Dr. Lonnie Smith da ya rasu a 2021. Da Joey DeFrancesco, wanda ya dawo da martabar B-3 tun daga ƙarshen shekarun 1980, ya rasu a 2022 yana da shekara 51. In ana son ganin aikin ƙafa zalla, a nemi bidiyon Rhoda Scott, wadda ke taka matakan ba takalmi, ko Barbara Dennerlein ta Jamus.

Dokokin gardama

A lokacin da waƙa ke tafiya ba a magana. Kowa ya riƙe takarda da biro, in wani abu ya taɓa shi ya dubi agogon waƙar ya rubuta minti da sakan. In ta ƙare, ƙaramin cikinku shi zai fara magana, dattijo ya zo ƙarshe. In babba ya riga ya yanke, yara ba za su saɓa masa ba, kuma an yi asarar kunnuwansu.

Doka mafi girma: duk wanda ya yi da'awa sai ya kawo minti. In ka ce wane ya yi sauri, a ina? In ka ce wancan ya maimaita kansa, a mayar mu ji. Haka za ka ji yaro ya ce, "Kawu, a gafarce ni, ni a minti na huɗu na ji kamar hagun ya tsaya wuri ɗaya." Dattijo ya ce, "To ɗana, mayar da shi mu ji." A mayar. Wani lokaci yaron ne da gaskiya, wani lokaci a gane tsayawar da gangan ce, makaɗin ya danne sauti ɗaya ne don ya tara zafi kafin ya saki. Ko ta wace hanya, kowa ya ƙaru da wani abu da bai ji ba da farko.

Kada a kawo yawan cinikin faifai ko lambar yabo a matsayin hujja. Kada a ce "masana sun ce". Kuma a raba "ya fi iyawa" da "ya fi min daɗi". Na biyun haƙƙin kowa ne, ba a gardama a kansa.

Sau ɗaya a wata ku yi sauraron makanta. Mutum ɗaya ya zaɓo waƙa ya kifa wayar, sauran su faɗi abin da suka ji kafin a bayyana suna. A nan ne wanda ya rantse ba ya son McGriff zai yabe shi bai sani ba. In haka ta faru kada a yi masa dariya, a bar shi ya sake saurare.

In akwai 'yan'uwanmu da suka taso a Sudan a cikin zaman, ku ba su dare guda. Su kawo Sharhabil Ahmed, wanda ake kira sarkin jazz na Sudan, da ƙungiyar Scorpions da Saif Abu Bakr, waɗanda kamfanin Habibi Funk na Jamus ya sake fitar da faya-fayansu a 2020 da 2018. Kiɗan ya sha bamban da na Blue Note, akwai rawar Kwango da rok a ciki, kuma tambayar ko ya shiga layin da kuke bi za ta ci dare guda cur.

Yadda ake karanta jerin makaɗan biki

Wannan gardama ta zo mana gida tun da aka yi bikin jazz na farko a Riyad a Fabrairun 2018. A Fabrairun 2024 Hukumar Kiɗa ta Saudiyya ta shirya wani na kwana uku a Dir'iyya, kusa da Riyad, aka kawo Chaka Khan da Masego da Kokoroko da Hiatus Kaiyote da wasu. Nan take aka rabu: masu cewa wannan ba jazz ba ne, da masu cewa in ba a sa babban suna ba wa zai sayi tikiti. Ba Riyad ta fara wannan rigima ba. Bikin Montreux na Suwizalan, wanda aka fara a 1967, ya daɗe yana sa mawaƙan rok da pop, haka North Sea Jazz na Holan da aka fara a 1976. Manyan sunaye ke biyan kuɗin dandalin da ƙananan ke hawa. Ni ban ga laifin haka ba, muddin ƙananan na nan. In aka cire su aka bar suna kawai, a nan nake da magana.

Saboda haka in jeri ya fito, ka fara karantawa daga ƙasa. Ka raba sunayen da ba ku sani ba tsakanin 'yan majalisa, kowa ya ɗauki biyu, ya nemo bidiyon wasansu na gaban jama'a na kwanan nan, ba waƙar da aka gyara a ɗakin ɗauka ba. Ya duba abu uku: su wa ke cikin ƙungiyar, shin suna ba juna fili kowa ya ƙirƙiri nasa nan take, kuma shin wasan daren jiya ya bambanta da na shekaranjiya. Kokoroko, alal misali, 'yan Landan ne da ke tafe da ƙahonni a kan turbar Afrobit da hailaif, kuma wanda ya kalli wasansu zai ga ana ba masu busa fili sosai. Wanda ya yanke musu hukunci daga suna kawai bai yi musu adalci ba.

Mai son ogan ya ƙara duba ɗaya: me za a ɗora a dandali? Saboda nauyin B-3, makaɗa da yawa ba sa yawo da nasu, masu biki ke nemo musu, wasu kuma na amfani da na zamani marasa nauyi irin su Nord ko sababbin Hammond. Kada ka raina na zamanin tun kafin ka ji. A hannun gwani, in an haɗa shi da Leslie na gaske, kaɗan ne za su bambance daga cikin taro. In ka ga akwatin katako mai tsagogi a bayan makaɗi da makirfo a sama da ƙasa, Leslie ne, ka matso kusa da wannan ɓangaren.

Akwai wasan da ke kaifafa wannan gardama: kowa ya rubuta jerinsa na dare uku, ƙungiya uku kowane dare, da sharaɗin duka masu rai ne kuma suna yawon wasa, dole a sa ƙungiyar cikin gida ɗaya, dole a sa mai ogan ɗaya. Nan za ka ji ana jayayya tsakanin Cory Henry da Larry Goldings da Delvon Lamarr, kuma wanda ya sa suna sai ya kunna minti biyar ya kare shi. Nan kuma mutum ke gane wahalar masu shirya biki, da ya ga dare na biyu nasa babu sunan da zai cika kujeru.

In kun yanke za ku je, tsakanin Jidda da Riyad kusan kilomita 950 ne ta mota, a jirgi kuwa bai kai awa biyu ba. Ku zaɓi dare ta ƙungiyar da kuka bincika, ku sayi tikiti daga hanyar da masu bikin suka sanar, kada ku saya hannun wani a intanet. Ku duba lokacin hawan kowace ƙungiya, don wadda kuka zo dominta sau da yawa ita ke buɗe fili tun jama'a ba su taru ba. Ku ɗauki rigar sanyi, daren Riyad a Fabrairu ba irin na Jidda ba ne. A ajiye littafi ɗaya na majalisa da ake rubuta kwanan wata da faya-fayan da aka ji da mintocin da aka yi gardama a kansu, wanda ya je biki kuma ya rubuta nasa a ciki kafin ya kwanta a daren, don zama na gaba da shi za a buɗe.